Rabin Suna a Bakin Taswira

Jiya da hantsi jikata tana haɗa kayan yajin fura, ta kwance ƙullin kanumfari a kusa da ni. Ƙamshin na isowa na kife littafin da ke hannuna a kan cinya, na daɗe ban sake ɗaga shi ba. Ni mace ce da ta tsufa tare da littattafan soyayya, irin waɗanda 'yan kasuwa ke kawo mana Maraɗi daga Katsina da Kano, masu siririn bango da hoton fure. Na karanta labarin masoya masu rubuta sunan juna a jikin bishiya, da masu kiran sunan juna a kan gadon ajali, na yi kuka a kansu ba sau ɗaya ba. Amma, mai karatu, soyayyar da ta fi zauna mini a rai a bakin wata tsohuwar takarda na gan ta, takardar da ke ƙamshin kanumfari har yau.

A wani ƙauye kusa da Cadawa na tashi, sai dai mu baƙi ne a can. Asalinmu yamma ne. Kakana na wajen uba shi ya sari daji tsakanin Gidan Sori da Tibiri yana saurayi, ya haƙa rijiya, ya kafa bukka, mutane suka biyo shi ɗaya bayan ɗaya. A ƙasarmu duk wanda ya yi haka, wurin sunansa yake ɗauka, a ce Gidan wane. Ban san shi ba, ina goye ya rasu. Bayan rasuwarsa da kaɗan rijiyar ta rufta, aka yi ta yasa tana sake ruftawa, har mutane suka gaji suka watse. Baba ya kwaso mu muka yo gabas wurin dangin Inna. Aka bar kabarin can ƙarƙashin wani gawo, yashi yana hawa kansa.

Kaka ta biyo mu. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce mai zanen Gobir a kumatu, kullum tana gindin bedin tsakar gida tana kaɗi, yatsunta fari fat da alli. Kamar kowace matar zamaninta, ba ta taɓa kama sunan mijinta ba, yana raye ko yana mace. "Shi" take cewa. Shi ya dasa kaza, shi ba ya son tuwo da sanyi, wannan butarshi ce. Duk gidan mun san in Kaka ta ce shi, ba ta nufin kowa a duniya sai mutum ɗaya. Ƙauyen ma da ke ɗauke da sunan ba ta iya faɗarsa, sai ta nuna yamma da haɓa ta ce, "Can gida." Baba kuwa ɗan farinta ne, shi ma ba ta kiran sunansa, ba ta ma yi masa magana kai tsaye. In tana son ya ji wani abu sai ta faɗa wa iska, ko ta faɗa mini.

Akwai labarin da Baba ke son bayarwa in an gama cin tuwo. Wai wata shekara, yana jariri, masu awon ƙasa sun bi ta ƙauyen: Bature ɗaya a kan doki, da 'yan ɗaukar kaya, da wata na'ura mai ƙafa uku, da doguwar sarƙa da suke ja a ƙasa. Kakana yana gona a lokacin. Suka shayar da dawakinsu a rijiyarsa, Baturen ya yi rubutu a takarda, suka wuce. Tun daga ranar kakana yake alfahari da cewa sunansa ya shiga takardar ƙasa. Bai iya karatun boko ba, bai kuma taɓa ganin takardar ba, amma ya riƙe maganar kamar wanda ya binne tukunyar hatsi. Baba ya ce ko a cutar ajalinsa, da aka gaya masa bakin rijiya ya fara zubewa, cewa ya yi, "Ko ta rufe, an rubuta ni."

Na lura duk lokacin da Baba ya kawo wannan wuri, mazarin Kaka yakan tsaya. Ni da yake tun ina ƙarama kaina cike yake da mafarki, sai in ɗauka bege ne ya kama ta. Har nakan zauna in zana su a raina, shi dogo da garma a kafaɗa, ita da tulu a bakin rijiya, rana tana faɗuwa a bayansu.

Shekarar da aka ba mu mulkin kai ina lakol, wato makarantar boko, ɗaya daga cikin 'yan mata ƙalilan da aka sa. Damina ce mai kyau. Gero ya rufe doki, ƙasa tana ƙamshin ruwa, malaminmu, da muke ce wa mushe, yana koya mana tafiya a layi da ɗaga sabuwar tuta mai rana a tsakiya. Manya kuwa ba su gama gane abin ba. Wasu suna tambaya ko haraji zai tafi tare da Faransa, wasu suna cewa a jira a gani.

Cikin wannan damina ƙanen Baba, wanda muke kira Baba Ƙarami, ya iso daga Maraɗi a kan keke, da wani dogon naɗi a bayansa an rufe shi da buhu saboda yayyafi. Ɗan aike ne a buro, wato ofishin kumandan, Baturen mulki. Ya ce Turawa suna tattara kayansu, an fito da tsofaffin takardu an jibge a bayan buro za a ƙone, domin an kawo sababbin taswirori waɗanda aka ce daga jirgin sama aka ɗauko hotonsu. Shi da 'yan uwansa 'yan aike suka ga wata tsohuwa da ta daɗe kafe a bangon ɗakin kumandan, falle-falle, an manna kowane falle a kan yadi. Suka raba a tsakaninsu. Ya tuna maganar tsohonsu, ya ɗauko rabonsa.

Bayan la'asar aka share tsakar gida, aka shimfiɗa tabarmi, aka baje fallayen. Suna ta naɗe kansu, sai da aka danne kusurwoyinsu da duwatsun murhu da akushi da ludayi. Ban taɓa ganin abu mai kyau irinsu ba. Takardar ta yi launin man shanu don tsufa, kowace kusurwa da tabon tsatsar ƙusa. Gulbi shuɗi yana murɗawa kamar zaren da ya kuɓuce wa mai saƙa. Hanyoyin raƙuma ɗigo-ɗigo ne, rijiyoyi kuma 'yan da'ira ƙanana. A gefen kowane falle akwai ɗan rubutu mai gaya maka fallen da ke binsa, in ka haɗa su daidai sai hanyar da ta yanke a wannan ta ci gaba a wancan. Maƙwabta suka shigo, tsofaffi suka tuɓe takalma a nesa kamar za su shiga masallaci. Wani dattijo mutumin Gazawa ya sa na nuna masa garinsu, ya duƙa ya duba, ya miƙe da fushi.

"Duk Gazawa ke nan? Ko ƙwayar gero bai kai ba. Wanda ya zana wannan bai ci kasuwarmu ba."

Aka yi dariya. Na nuna Agye, na nuna Cadawa. A can ɗaya gefen tabarmar ga fallen yamma, mai Gidan Rumji da Gidan Sori. Amma tsakanin yamma da gabas akwai rami. Fallen tsakiya, wanda ya kamata ya ɗauki Tibiri da Maraɗi, bai faɗo cikin rabon Baba Ƙarami ba. Ta wurin sai saƙar tabarma kake gani.

Baba ya durƙusa a kan fallen yamma ya ce, "Zo nan, 'yar lakol. Bi daga Gidan Sori ki yi gabas."

Na bi da yatsa. Daf da inda takardar ta ƙare na ga 'yar da'irar rijiya, a gefenta an rubuta Gidan, irin rubutun Faransa mai ƙarin baƙaƙe. Na karanta da ƙarfi.

"Gidan wa?" in ji Baba.

"Takardar ta ƙare, Baba."

Sunan ya haye zuwa fallen da babu. Kaka ta taso da sandarta, aka ba ta hanya. Ta sa na aza yatsanta a kan rijiyar, ta ja shi a hankali bisa rubutun, har ya zame daga takarda ya faɗa kan tabarma. Ta bar shi a can. Ta tambayi Baba Ƙarami ina sauran. Ya ce abokin aikinsa da ya samu fallen ya ba 'yan koli, su suna son irin wannan takarda don ƙunshe kaya.

Baba ya ce a bar zancen, tunda ga rijiya ga Gidan, sauran ai mun sani. Kaka ta dubi bishiyar bedi ta ce mata, "Su sun sani. Takarda fa, ta sani?"

Daga wannan mako duk ranar kasuwar Cadawa sai ta ɗaura gyalenta ta kama hannuna. Tsohuwar da ko ƙofar gida ba ta cika leƙawa ba ta zama 'yar kasuwa. Mukan bi layin 'yan koli tana sayen masoro kaɗan a nan, citta kaɗan a can, ni kuma idona yana kan takardun ƙunshi. Na ga takardun buro masu hatimi, na ga jaridun da ba wanda ya karanta, ban ga shuɗin gulbi ba. 'Yan kolin suka saba da mu har suka fara tsokanarta.

"Iya, aure za ki sake ne? Kullum kayan ƙamshi!"

"In gemunka ya fito ka zo mu yi magana," in ji ta, ba ta ko kalle shi ba.

A hanyar komawa wata rana na tambaye ta ko shi kyakkyawa ne. Ta ce in kama bakina, wannan ba tambayar ɗiyar kirki ba ce. Muka yi tafiya mai ɗan nisa a cikin gero, sannan ta ce, kamar da wani take, "In yana dariya, har kunnuwanshi motsi suke."

Ruwa ya ɗauke, aka yanke gero, aka shiga cirar gyaɗa. Kasuwa ta cika da buhuna da baƙin fatake. Ranar nan wani ɗan koli mutumin Tibiri ya baje kayansa a ƙarshen layi. Ashe fallen da muke nema a hannunsa ya faɗo. Da ya ga takardar mai yadi ce ba ta yagewa da sauƙi, bai yanka ta duka ba, sai ya shimfiɗa ta a cikin kwandonsa ya zuba kanumfari a kai. Gefenta ne ya leƙo. Na ga shuɗin nan, na ga Maraɗi da manyan baƙaƙe. An yanke kusurwar dama, amma gefen hagu, wanda muke nema, yana nan lafiya. Da Kaka ta gaya masa kabarin mai gidanta yana cikin takardar, mutumin ya juye kanumfarinsa a zani, ya kakkaɓe ta, ya miƙa mata da hannu biyu.

Na so in duba nan take, ta hana. Ta naɗe ta ta sa a cikin gyale ta ce ba a kan hanya ba, sai a gida, gaban ɗiyanshi.

Aka sake shimfiɗa tabarmi. Aka zura fallen tsakiya a raminsa, hanyoyin da suka yanke suka kama juna, gulbi ya gudana daga Maraɗi har Gidan Rumji ba tare da ya tsinke ba. Ƙamshin kanumfari ya cika gidan. Ran nan mijin gwaggota yana nan, falke ne mai zuwa Katsina, a can ya ɗan koyi boko irin na wancan gefen iyaka, kuma yana son a san ya koya. Kafin in durƙusa ya riga ni. Bayan Gidan, a kan sabon fallen, baƙaƙe uku ne kawai: Chi.

"Gidan Ci!" ya ce, ya tafa hannu. "Wallahi Gidan Ci suka rubuta. Tsoho ya ciyar da Nasara har ya manta tambayar suna!"

Tsakar gida ta ɗauki dariya. Kowa ya san kakana mutum ne mai buɗaɗɗen akushi, sai maganar ta zauna daidai. Baba ma ya yi dariya, ko da yake na ga fuskarsa ta faɗi. Ni kuwa abin da aka koya mini a lakol ne ya taso mini. Na ce a karatunmu in waɗannan baƙaƙe biyu na farko suka haɗu, ba haka ake furta su ba. In ci suke nufi sai sun ƙara T a farko, ga shi nan yadda suka yi wa Cadawa. Wannan kam "shi" ake karanta shi.

"Gidan Shi," na karanta. Na sake haɗa shi a bakina. "Gidanshi."

Dariyar ta mutu. Ba wanda ya ce a dubi Kaka, amma duk muka dube ta, domin mutum ɗaya muka sani mai irin wannan magana.

Tana zaune a bakin tabarma, hannayenta a kan gwiwa. Ta yi magana a hankali, idonta a kan takardar. Ta ce ranar ita kaɗai ce a bakin rijiya, da jariri a baya, maza duk suna gona. Tafintan Baturen mutumin wata ƙasa ne can yamma, Hausarsa ta kasuwa ce. Ya tambaye ta sunan wurin. Ta rasa yadda za ta yi, ga baƙi, ga ɗanshi a bayanta. Sai ta nuna gona, inda ake hango shi ɗan mitsitsi yana noma, ta ce gidanshi ne. Ta zaci za su ƙarasa su tambaye shi. Ta ga Baturen ya yi rubutu, suka hau dawakinsu suka yi arewa.

"Da ya dawo na ce mashi sun tambaya, na nuna masu. Ya yi ta murna. Ni ko tun ran nan nike roƙon Allah ya sa sun gamu da wani a hanya sun sake tambaya."

Baba ya tashi ya zagaya bayan rumbu. Muna jin sa yana fyace hanci. Shi ne jaririn da ke goye a ranar.

Washegari da safe, bayan an sha kunu, Baba ya ce in ɗauko alƙalamina da tawadar lakol. Ya ce abu ne mai sauƙi, yanzu ƙasa tamu ce, takarda ma tamu ce, in soke baƙaƙen nan uku in rubuta sunan tsohonsu da kyau. Baba Ƙarami ya goyi bayansa. Na durƙusa, na tsoma alƙalami. Na san sunan sarai, amma wani abu a zuciyata yana son in ji shi daga bakinta ko sau ɗaya, kamar yadda nake zaton masoya suna yi a ƙarshen labari. Na ce, "Kaka, faɗa mini in rubuta."

Inna ta daka mini tsawa daga bakin murhu. Kaka ta ɗaga mata hannu. Ta matso a kan gwiwoyinta, ta duƙa a kan takardar. Na ga leɓunanta sun motsa. Tawada ta taru a bakin alƙalami tana shirin ɗiga. Sai ta aza tafin hannunta ta rufe baƙaƙen.

"Kada ki taɓa."

"Inna," Baba ya ce wa Kaka, "rijiya ta rufe, gari ya tashi. In ba a rubuta ba, sunanshi ɓacewa zai yi."

Ba ta dube shi ba. Ni ta duba.

"Gaya wa mai maganar nan, sunan yana bakinsu, su sa wa ɗiyansu. Wanga nawa ne. Tun da aka kai ni ɗakinshi ban kira shi da komi ba sai wanga, kuma bai taɓa ƙin amsawa ba."

Na mayar da alƙalamin cikin tawada.

Kada ka zaci maganar ta warkar da ita, mai karatu. Na sha samunta a gindin bedi, mazari a ƙasa, fallen a kan cinyarta, hawaye yana bin zanen kumatunta. Sau ɗaya ta ce mini abin da ke cinta shi ne ya tafi yana zaton an rubuta shi, ita kuma tana zaune kusa da kansa ta yi shiru. Na ce ai ba laifinta ba ne. Ta ce ta sani, da za a sake tambayarta yau, abin da za ta faɗa ke nan. Sanin bai rage mata komai ba. Ba ta ga daminu da yawa bayan wannan ba. Da aka buɗe adudunta aka sami fallen tsakiya a naɗe cikin zanen aurenta, Baba ya ce a ba ni.

Sauran fallayen an ajiye su a saman rufin ɗakin Baba, gara ta shiga ta cinye su a damina guda, har da na yamma mai rijiya da Gidan. Na Kaka kaɗai ya tsira. Inna takan ce ƙamshin kanumfari ne ya kori gara. Dā muna da Gidan muna neman sauran, yanzu sauran ne kawai a hannuna.

Bayan na yi aure mun taɓa zuwa neman wurin a kan amalanke, ni da mai gidana. Gonaki ne ko'ina, an sare gawon, manoman da muka tambaya suka ce tun tasowarsu ba su san an yi gari a nan ba. Kwanan baya jikana ya duba mini a taswirar wayarsa. Ya ja hoton da yatsu biyu, ya faɗaɗa, ya sake faɗaɗawa, tsakanin Gidan Sori da Tibiri ba sunan kakana, ba kalmar Kaka, sai launin ƙasa. Ya ce in ina so akwai yadda ake aika gyara a saka suna. Na ce ya bari tukuna.

Jikata mai dakan yaji tana kiran mijinta da sunansa a waya, har da ja masa wasali, ban kuma ga laifinta ba, zamaninta ne. Ƙanena da aka haifa bayan wannan shekara an sa masa sunan, shi ma ya sa wa nasa jikan, sunan bai ɓace ba. Amma ka lura ban faɗa maka shi ba. Na gwada rubuta shi a nan, hannuna ya ƙi.

Jiya da ƙamshin ya tashe ni, na shiga ɗaki na buɗe akwati na warware fallen. Idona ya yi rauni, sai da na kai shi bakin taga. Baƙaƙen uku suna nan a gefen hagu, daf da inda takarda ta fara, babu komai a gabansu. Jikata ta leƙo da taɓarya a hannu ta ce, "Kaka, me aka rubuta a nan?"

Nawa mai gidan ma ya daɗe da rasuwa. Na aza yatsa a kan rubutun, na ce mata, "Shi."